Gaisuwar Mutanen Bayan Dutse

Shekara talatin da ɗaya Injiniya ya yi yana yaƙi da inuwa. Ba ta bishiya ba, ba ta bango ba. Wadda ke fitowa a gilashin talabijin, ka ga mai karanta labarai zaune shi kaɗai, amma a gefensa ga wani shi ɗin dai, dishi-dishi, yana motsa baki tare da shi. A wurin Injiniya wannan abin kunya ne, kamar tela ya miƙa maka riga zare na reto a wuya. Idan aka bugo waya tasha aka ce a unguwa kaza hoto ya rabu biyu, abinci ba ya wuce masa maƙogwaro sai ya je ya hau rufin gidan ya juya eriya da hannunsa.

Bai yi makarantar injiniyoyi ba. Mai Tasha ne ya laƙa masa sunan, ranar da ya tayar da wata na'ura da masu takardu suka ce ta mutu. Sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka.

Tashar ba wata babba ba ce. Ɗaki uku ne da baranda: ɗakin ɗaukar hoto mai shuɗin labule, ɗakin na'urori inda sanyi ke shiga ƙashi ko da rana ta take, sai ofishin Mai Tasha. A bayan ginin akwai tudu, a kan tudun dogon ƙarfe mai matakala ɗari da arba'in da biyu, a ƙolinsa faifai huɗu, kowane ya juya wa 'yan'uwansa baya yana watsa hoto ga nasa ɓangaren gari. A bangon ofis an manna taswira, an zana jar da'ira a kanta. Abin da ke cikin da'irar shi hukuma ta ba tashar. Abin da ke waje ba nata ba ne.

Bayan dutse a waje yake. Wani kwari ne mai gidaje kamar ɗari biyu, dutse ya tare shi daga gari, sai wata 'yar tsaga da hanyar mota ta ratsa. Daga can matar Injiniya ta fito.

Ita ce muryar tashar. Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin buɗewa, ita ke bayyana gaban shuɗin labulen ta gai da jama'a ɓangare-ɓangare: mutanen bakin kogi, mutanen tsohuwar kasuwa, mutanen layin dogo, ma'aikatan asibiti da masu jinya. Shekarar da suka yi aure, wata rana tana ninke kaya, ba ta ko kalle shi ba, ta ce, "Duk garin nan sun ga fuskata a akwati, ban da matar da ta haife ni."  Washegari da safe ya ɗaura bel, ya soke sifana a ƙugu, ya hau ƙarfen. Ya sassauta noti huɗu, ya karkata faifan da ke kallon dutse faɗin tafin hannu, daidai tsagar, ya ɗaure ya sauko. Da labari ya kai wa Mai Tasha sai ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce, "Ɓarawon iska! To tunda ka riga ka sato, a riƙa gaishe su." Daga ranar gaisuwar ta yi wutsiya: "Da ku mutanen bayan dutse, muna tare da ku."

Ba a jima ba matar ta tsiro da wata ɗabi'a. Ta daina zama a tsakiyar hoto. Kullum sai ta ja kujerar gefe, ta bar fili a hagunta kamar mai jiran baƙo. Mai kyamara ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya manna alama a ƙasa, ta zo ta ture da ƙafa. "Nan haske ya fi yi mini kyau," in ji ta. Aka gaji aka ƙyale ta.

Da Injiniya ya tambaye ta yadda hoton ke fita a ɗakin mahaifiyarta, sai ta ce, "Tas, kamar madubi." Shi kuwa bai taɓa gani da idonsa ba. Ƙarfe huɗu yana ɗakin na'urori, yatsansa kan maɓalli, kuma ba ya fita sai an rufe. In zai je gai da surukarsa da safe yake zuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa, akwatin na lulluɓe da zane a kan teburi.

Da ciwo ya fara kama matar, aka ɗauki gaisuwar a kaset saboda ranakun da ba ta iya fitowa. Ranakun suka yi yawa. Daga baya suka zama duka. Bayan an kai ta makwancinta, Mai Tasha ya ce muddin yana numfashi ba mai canja kaset ɗin nan. Haka Injiniya ya yi shekara uku yana danna maɓalli, matarsa ta fito ta gai da gari, shi kuma ya kafe ido a kan allurar na'ura don kada ya ɗaga kai.

Surukar tasa, Inna, a lokacin hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Sau uku ana gaya mata rasuwar. Kowane karo sabon kuka ne, kamar yanzu aka shigo da labarin, ta yi kwana uku ba ci ba sha, sannan ta wayi gari tana tambaya ko 'yarta ta aiko. A na ukun ne Auta, ƙanwar marigayiyar, wadda ke jinyar uwar, ta tsaya a ƙofa ta ce duk wanda zai sake faɗa mata sai dai ya bi ta kanta. Aka bar Inna da ƙarfe huɗunta. Ta ji an gai da mutanen bayan dutse, ta amsa, ta ci abinci, ranta ya kwanta.

Sai Mai Tasha ya cika. 'Ya'yansa, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa taka tudun bayan ginin ba, suka sayar da tashar tun kujerarsa ba ta huce ba. Wa ya saya, ba wanda ya iya faɗa. An ce kamfani ne. An ce kamfanin ma wani kamfani ke da shi. Wata farar mota mai sanda a ka ta yi mako biyu tana zaga gari tana awon inda hoto ke kaiwa, bayanta kuma aka turo sabon Manaja, wani matashi mai ladabi da tabarau.

Ranar Alhamis ya aika a kira Injiniya.

"Baba Injiniya, zauna mana."

"Tsayuwa na saba."

Manaja ya shimfiɗa sabuwar taswira a tebur. An shafe gari da kore har bakin da'ira, amma ta gefen dutse koren ya zuro waje, siriri, kamar harshe.

"Ka ga wannan?"

"Na gan shi tun ba a haife ka ba."

Manaja ya yi murmushi, ya gyara tabarau. "Daga ranar Litinin mun shiga ƙarƙashin uwar tasha ta babban birni. Su za su riƙa turo mana shiri, har tambarin buɗewa nasu ne, ƙarfe huɗu zai faɗo da kansa. Shi kuma bayan dutse rabon wata tasha ce can gaba, ita ma ƙarƙashinsu take. Sun kai ƙara, wai muna shiga musu gona."

"Hotonsu na kaiwa can?"

"A takarda yana kaiwa."

"Ban tambayi takarda ba."

"Baba, ni ma ban ce daidai ne ba. Amma in harshen nan bai koma baki ba, lasisi za a karɓe, mutum goma sha tara su koma gida."

"Wanda ya ba da umarnin, ina son ganinsa."

"Ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Wanda ya ɗauke ni aiki, shi ma wani ya ɗauke shi. In hawan ne ya yi maka nauyi, sai a kawo wani ya hau."

"Ba mai taɓa mini ƙarfe." Injiniya ya dubi bangon da tsohuwar taswira ta bar tabonta. "Kaset ɗin gaisuwa fa?"

"Duk tsoffin kaya za a kwashe. Ɗauki abin da kake so, Baba. An ba ni labarin mai gaisuwar. Allah ya jiƙanta."

Injiniya bai ga abin tashin hankali ba. Yana da kaset, yana da tsohuwar bidiyo a gida, Inna kuwa ba ruwanta da ta inda hoto ya biyo. Ya yi Asabar da Lahadi a kan aikin. Ya kwance bidiyon ya goge kanta da auduga, ya sake mata roba, ya juyi gaisuwar a sabon kaset, ya tace ta sau uku har ba sauran ɗigo ko rawa. Da ya gwada, ya saci kallo da gefen ido, ya ga ko a ɗakin na'urori hoton bai taɓa fita haka ba. Ya ji daɗi a ransa, irin daɗin mai sana'a.

Litinin da safe ya hau. Gwiwoyinsa suka ƙirga masa matakalar ɗaya bayan ɗaya. A ƙoli iska na kuka a cikin wayoyi, wani dogon sauti da bai taɓa saurara ba sai ranar. Notin huɗu sun yi tsatsa, ga zanen da ya yi da ƙusa shekarun baya yana nan. Daga nan ana hango tsagar dutsen, da rufin kwano biyu ko uku suna ƙyalli a cikinta. Ya zuba mai, ya danna sifana da duk ƙarfinsa, ya mai da faifan inda takarda ke so. Faɗin tafin hannu ne kawai. Gida ɗari biyu suka fita daga cikin iska ba wanda ya ji motsi.

Da yamma, karo na farko a shekara talatin da ɗaya, ba a bukatar yatsansa. Ya ɗaure bidiyo a bayan babur ya bi ta tsagar.

Auta na shanya a tsakar gida. Ta riƙe ƙugu. "A'a! Yau mijina ne da yamma? Korar ka aka yi, ko kewata ce ta ishe ka?"

"Wanda ya ɗauke ki ma yana neman inda zai sauke. Karɓi wannan, kada ki yar."

"Tun safe maƙwabta ke shigowa, wai hoton gwajin da kuke sakawa kafin buɗewa ya koma yayyafi. Na ce su je su tambayi sarkin hawa ƙarfe."

Ya gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Fara'ar ta ragu. Ta dubi bidiyon, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa ta ɗage masa labule.

Bai taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Ya cire takalmi, ya shiga a sunkuye. Gado ne na ƙarfe, da kujera mai hannu an jibga mata matasai, da teburin akwati a gabanta. Inna na cikin kujerar, ta ƙanƙance kamar an wanke ta ta shige.

"Wa ke nan?"

"Mijin Yaya ne, Inna. Ya zo duba akwati."

"Ya baro mata aikin ita kaɗai?"

Injiniya ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya zagaya bayan teburi ya haɗa waya. Da agogon bango ya cika huɗu, ya danna.

Shuɗin labule ya fito, shuɗi na gaske. Ga ta nan a gefe, kowane zare na ɗankwalinta ana gani. Mutanen bakin kogi. Mutanen tsohuwar kasuwa. Ya tsaya yana jiran wutsiyar gaisuwar, ta zo, ta wuce. Inna ba ta amsa ba.

"Ina ɗayar?" in ji ta.

Auta ta sunkuyar da kai.

"Auta, ina Mai Shiru? Me ya sa ta zo ita kaɗai?" Ta dafa hannun kujera tana neman tashi. Auta ta riƙe ta, ta fizge, ta miƙa yatsu ta shafa gilashin daidai filin da ke gefen 'yarta, inda babu komai sai labule. "A ina ta baro ta? Ba na ce kada ta riƙa barinta a baya ba? Yarinyar da ko kiran mutum ba ta iyawa!"

Da kyar aka kwantar da ita. Abincin da aka kawo ta juya masa baya.

A tsakar gida Injiniya ya ce, "Wace ce ɗayar?"

Auta ta zauna a bakin rijiya, ta goge ido da gefen zane. "Ka san Yaya tagwaye aka haife su."

"Na san ɗayar ta rasu tana ƙarama."

"Shekara biyar. Ni ban ma zo duniya ba. Inna Mai Surutu da Mai Shiru take ce musu, don ita waccan har ta koma ba ta taɓa furta kalma ba, sai dai ta bi bakin Yaya tana motsa nata. To tun ranar da hoto ya fara shigowa gidan nan, biyu yake fitowa. Ga Yaya, ga wata can gefenta, fara-fara, tana motsa baki ba murya. Ranar farko Inna ta san aibin na'ura ne, da hankalinta garau. Ta yi kuka ta ƙoshi, ta ce kada a gyara. Da tsufa ya zo, sai ta manta cewa aibi ne."

"Shekara nawa, ba wanda ya gaya mini?"

"Yaya ce ta rantsar da mu. Ta ce in ka gani ba za ka runtsa ba sai ka goge ta. Ƙarya ta yi maka?"

 Kujerar nan yake gani, yadda take jan ta gefe da ƙafa, mai kyamara na dafe kai. Nan haske ya fi yi mini kyau. Shekara da shekaru yana gini ɗaya da ita, gilashi kawai tsakaninsu, tana gyara wa matacciya wurin zama a gaban idonsa, shi yana duban allura.

"Ɗazu na so in faɗa maka," in ji Auta. "Na ɗauka ko a kaset ɗin take."

"Ba a kaset take ba. A dutse take."

Ya san ta sarai, tsohuwar abokiyar gabarsa. Hoto ne ke zuwa ta hanya biyu. Ɗaya ya ratso tsagar kai tsaye, ɗaya ya je ya bugi fuskar dutsen da ke ƙetaren kwari ya dawo a makare, ya sauka gefen na farko. Ko da zai koma ya karkata faifan, ba abin da zai biyo iska yanzu sai tambarin babban birni da wasu baƙin fuskoki. Da hannunsa ya rufe hanyar, da hannunsa kuma ya tace kaset ɗin.

Talata Inna ba ta ci ba. Laraba Auta ta aiko cewa ko ruwa sai an matsa mata, kuma ba abin da take faɗa sai a je a nemo yarinyar kafin duhu ya yi.

Larabar nan da hantsi Manaja ya leƙo ta taga ya ga Injiniya a tsakiyar tulin tsoffin kaya, yana gangaro wani ƙaton naɗin waya mai kaurin babban yatsa, wanda aka sauke daga ƙarfe shekarun baya.

"Baba, me za ka yi da wannan?"

"Inuwa."

"Kai da aka ce ko a mafarki ka gan ta sai ka tashi da sifana?"

"Ka ce in ɗauki abin da nake so."

Manaja ya dube shi, bai ƙara tambaya ba. Ya sa direba ya kai masa da motar tasha.

Aka jingine naɗin a bayan tagar Inna. Dabarar ba wuya: hoto ya fito daga bidiyo ya rabu biyu, ɗaya ya shiga akwati ta gajeriyar waya, ɗaya ya fita ta taga ya zaga naɗin nan kaf, ya dawo a makare. Sai dai Injiniya ya san abin da Auta ba ta sani ba. Hanyar da dutse ke ba hoto tafiya ce mai nisa, wayar kuwa in an warware ta ko ƙarshen layin gidan ba za ta wuce ba. Inna na gyangyaɗi ya rage murya ya gwada. Inuwar ta fito, amma ba ta tafi gefe ba. Faɗin yatsa biyu kawai ta matsa, tana manne da kafaɗar mai gaisuwa.

"Ba nan take zama ba," in ji Auta a hankali. "Can take, wajen ƙarshen gilashi."

"Na sani."

"To tura ta mana."

"Da me? Dutse zan ɗauko in shigo da shi ɗaki?"

Ya ƙara duk guntun wayar da ya zo da shi, har da ta tsohuwar eriyar gidan. Ko gashi ɗaya ba ta ƙara matsawa ba. Noti ya suɓuce masa ya shige ƙarƙashin gado. Agogo ya ce saura minti biyar. Auta ta ta da Inna, ta jingina ta da matasai, ta goge mata fuska.

Ƙarfe huɗu ya danna, ya koma bakin ƙofa ya durƙusa inda ya saba.

Labule ya fito. Mutanen bakin kogi. Inna ta ƙanƙance ido.

"Matso da ni."

Auta ta ja kujerar har gwiwar Inna ta taɓa teburi. Ta daɗe tana kallo, numfashinta kaɗai ake ji da muryar kaset.

"Ga ta," in ji ta. "Ga 'yar nema."

Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta juyo ta yi wa Injiniya alama da gira. Mutanen layin dogo. Ma'aikatan asibiti da masu jinya. Da ku mutanen bayan dutse, muna tare da ku.

"Muna amsawa," in ji Inna. "Allah ya yi muku albarka."

Hoton ya tsaya a kan murmushin ƙarshe, don Injiniya ya tsawaita shi da gangan. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauko kwano, sai Inna ta sake magana, da wata murya da suka daɗe ba su ji ba, a tsaye, ba rawa.

"Da can nesa take zama. Yau ta kwantar da kai a kafaɗarta." Sannan ta ce, "Ɗan nan."

Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai ta bakin wani. Ya ƙara sunkuyawa. "Na'am, Inna."

"Ita wannan ba ta tahowa wurin kowa. Na kira ta shekara hamsin, ba ta matso ba. Sai dai a je wurinta." Idonta na kan gilashin. "Yaushe Mai Surutu ta tafi?"

Auta ta girgiza masa kai da ƙarfi, ta haɗa tafin hannu tana roƙonsa ba murya. Ya dubi ƙasa. Ya tuna kuka uku da aka yi a ɗakin nan, yana jiyowa daga waje. Amma tambayar ba ta mai ruɗewa ba ce, kuma shi ta tambaya.

"Shekara uku, Inna, da wata biyu."

Suka jira ihun. Agogo ya yi ta tafiya. A waje wata akuya ta taka wayar, inuwar ta ɗan girgiza ta koma ta lafe.

"Kullum ina tunani," in ji Inna, "wa ke gane abin da take so a can, ita da ba ta magana. 'Yar'uwarta kaɗai ke jin ta." Hawaye ɗaya ya bi tsagar kuncinta, ba ta share ba. "Auta, ba ni abincin nan. Kin tsaya kina kallona kamar baƙuwa."

Ta ci loma biyar, ta sha ruwa. Ko gobe za ta tuna abin da aka gaya mata, ko za ta sake tambaya, ba wanda ya sani a cikinsu.

"Gobe ma ka kawo su," ta ce. "Kada ka raba su."

"Ba zan raba su ba."

Sai a lokacin Injiniya ya ɗaga kai ya kalli matarsa sosai, abin da bai yi ba shekara uku. Tana gefe, inda ta ja kujerarta, 'yar'uwarta na jingine da ita. A hagunsu filin nan da ta saba bari yana nan, shuɗin labule zalla, ba kowa.

Inna ta ɗora yatsa a kan filin, ta bar shi a wurin.

"Ka ga kuma," in ji ta, "sun bar wuri."